An Rufe Isa da Sunana

Ina kan keken ɗinki ina ɗinka wuyan wata jallabiya Alhaji Garba mai goro ya yi sallama a bakin shagonmu da ke unguwar Paris-Congo. Hantsi ne, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, zafi ya riga ya fara dukan kwanon rufi. Alhaji mutum ne mai raha, ba ya shiga wuri bai tsokani wani ba, amma ranar ya tsaya a ƙofa kansa a sunkuye, yana murza carbi.

"Isa," ya ce, "sai haƙuri."

Na cire ƙafa daga kan keke na ɗago kai. Da ya ga fuskata sai ya ja da baya har ya bugi ƙyauren.

"Abakar? Kai ne?"

"Ni ne, Alhaji. Lafiya?"

"Yanzu dillalina na Ngaundere ya karanta mini sunanka a waya. Jirgin ƙasa ya faɗi jiya da sassafe. Ya ce kana cikin waɗanda suka rasu."

Ya zo ne ya yi wa ƙanena gaisuwar mutuwata. Shi bai gane abin da ya faru ba, ni kuwa na gane tun bai rufe baki ba. Na tuna na miƙa hannu na zare zaren daga allura, na naɗe shi a yatsa, ban san dalili ba. Na ce masa ya zauna. Ni ne na ba shi kujera, ni ne na ɗebo masa ruwa a randa.

Zara, Usmanu, wannan babin naku ne, domin Isa ubanku ne. Ku ma 'ya'yana ku karanta. Kun girma kuna ganin mutane suna kirana Abakar, takarda tana kirana Isa, kuma duk wanda ya tambaya sai a ce masa kuskuren ofis ne. Ba kuskuren ofis ba ne.

Mahaifinmu ya taso daga Damagaram da ƙafa yana nufin Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna ya yi aure, bai ƙara gaba ba. Ni ne ɗan fari. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara biyar, saboda haka ina da takardar haihuwa, daga baya na yi katin ɗan ƙasa. Isa nasa takardun sun ƙone tare da ɗakinmu lokacin yaƙi, sa'ad da muka tsallaka kogi muka fake a Kusiri. Da muka dawo bai sake nema ba. Kullum sai ya ce gobe. A unguwarmu ba abin mamaki ba ne, domin gidaje da yawa kati ɗaya ne a cikinsu, yana ajiye a ƙasan akwati, duk namijin da tafiya ta kama shi ya ɗauka. Hoton ƙarami ne, baƙi da fari, ya koɗe. Ni da Isa kuwa tsawo ɗaya, goshi ɗaya. Sau uku ya je Marwa da katina ya dawo, ba wanda ya dube shi sau biyu.

Tafiyar Duwala tawa ce, ba tasa ba. Mun daɗe muna son keken surfani, irin wanda ake yi wa manyan riguna ado, an ce mana a can ana samun tsoho mai kyau. Ni na shirya, ni na ji hanya a bakin fatake: mota daga Kusiri zuwa Ngaundere, daga nan jirgin ƙasa, tunda mu ƙasarmu ba ta da layin dogo. Sai aikin Sallah ya taru, yaduka har saman tebur, masu kaya kuma hannuna suka sani. Na ce Isa ya je. Shi murna ma ya yi, bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a kalanda.

Da na miƙa masa katin ya ɗaga shi sama yana dariya.

"Yaya, wannan mutumin fa ba ya murmushi. In sun ce in yi kama da shi sai na ɓata rai har Duwala."

"Ka ɓata. Ka dai duba kan keken da kyau, kada su ba ka mai tsallake zare."

"Ranka ya daɗe, Abakar zai duba," ya ce, yana buga ƙirjinsa.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Daga shago na wuce gida unguwar Habbena. Labari ya riga ni, kuma shi ma a juye ya isa. Na tarar da mata a tsakar gida sun kewaye matata Mariam, wata tana ce mata kalawada, wato gaisuwar mutuwa ta Larabcin nan. Mariam ta san ina gari, da safe ta ba ni shayi, tana ta faɗa musu ba sa ji. Halima, uwarku, tana tsaye a ƙofar ɗakinta da Usmanu a baya. Ita ba ta shiga cikinsu ba. Ta san wanda ya tafi da katin. Da na shigo wasu matan suka yi salati suka watse gefe, sai ya zama ba kowa tsakanina da ita. Ta dube ni, ta koma ɗaki ta saki labule.

Inna tana zaune a kan tabarmarta. Ku da kuka san ta kun san ba ta taɓa kiran sunana ba, domin ni ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa mini. "Kai wannan" take ce mini, ko "mai keke". Na durƙusa a gabanta.

"Wanne ne a cikinku?" ta ce.

"Isa ne, Inna."

Ta gyara zama a kan tabarmar ta ce:

"Je ka gano mini inda aka sa shi."

Matsalar ita ce ba ni da katin da zan tsallaka gadar kan iyaka zuwa Kusiri. Alhaji Garba ya raka ni wurin mai unguwa, Alhajin ne kuma ya kawo shawarar. Ya ce tunda takarda ta ce Abakar ya mutu, Abakar ba zai iya zuwa neman gawar Abakar ba, za a kulle ni tun a Kusiri. A rubuta cewa ni ne Isa, ƙanin mamaci. Na 'yan kwanaki ne kawai, in na dawo a gyara. Mai unguwa ya rubuta, ya buga hatimi. Ban yi musu ba. Ba na ɗora wa Alhaji laifi, ya rasu, kuma da kyakkyawar zuciya ya yi. Ni ne na karɓi takardar na ninke ta na sa a aljihu.

Kwana biyu na yi a mota. A kowane shinge jandarma ya tambayi sunana in ce Isa, ya ba mu hanya. A tashar jirgi ta Ngaundere an manna sunaye a bango, mutane sun yi cincirindo, wanda ya iya karatu yana karanta wa wanda bai iya ba. Na ga nawa a wajen tsakiya, an rubuta shi daidai, har da shekarar haihuwata. Aka ce mini an riga an rufe Musulmin da ke ciki a ƙauyen da ke kusa da wurin, saboda zafi, amma kayansu suna hannun jandarma.

Jandarman da na samu dattijo ne, ya gaji, idanunsa sun yi ja. Da ya zage ni ko ya yi mini tsawa, ina jin da abin ya zo mini da sauƙi. Sai ya ba ni kujera. Ya jawo wata ambulan ya zazzage a kan tebur: hular Isa, tef ɗin awo da ba ya rabuwa da shi, da katina. Ya ɗauki katin ya dubi hoton, ya dube ni.

"Ɗan'uwanka ne?" ya ce da Faransanci.

A lokacin bakina ya buɗe. Maganar tana nan a shirye, gajeriya ce: wannan ni ne, wanda ya mutu sunansa Isa. Amma a kan benci a bayana akwai mutum biyu da ankwa, na ji ana cewa takardun ƙarya aka kama su da su. Takardar mai unguwa tana gabansa da hatimi. Na tuna gida akwai mata uku da yara bakwai, kuma keke ɗaya ne ke juyawa yanzu. Duk wannan gaskiya ne, na kuma sha faɗa wa kaina shi. Amma abin da ya fi su duka shi ne na ji tsoro.

"Ɗan'uwana ne," na ce.

"Kun yi kama sosai."

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya yanke kusurwar katin da almakashi ya riƙe shi. Ya rubuta takardar mutuwa da sunana, ya nuna mini inda zan sa hannu. Na rubuta Isa. Ya miƙo mini hula da tef, ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

Washegari na sami motar katako ta sauke ni kusa da ƙauyen. Ban taɓa ganin ƙasa mai kore haka ba, jar ƙasa, ciyawa har ƙugu, domin can damina ta riga ta sauka. Layin dogo a wurin yana lanƙwasa ne a kan wata doguwar ganuwa ta ƙasa da aka tara, ƙarƙashinta rafi. Taragu uku suna kwance a gangare, ɗaya ƙafafunsa a sama. An kwashe mutane, amma ba a kwashe takalma ba. Akwai buhun albasa da ya fashe, har ta fara tsiro.

A nan na haɗu da Malam Hamadu, wani tsoho Bafulatani mai jin Hausa. Aikinsa shi ne bin layi da ƙafa kowace safiya, da guduma a kafaɗa, yana buga ƙarfe yana saurara. Shi ya kai ni ya nuna mini. Ya tura sandarsa ƙarƙashin katakon da aka shimfiɗa dogo a kai, sandar ta shige har rabi ba tare da ya danna ba. Ya ɓantaro gefen wani katako da yatsa, ya murje shi ya zama gari.

"Ka gani? Gara ta ci, ruwa ya ƙarasa. Kwana huɗu ana ruwa, rafi ya cinye ƙasan. Na faɗa wa na sama da ni, ya ce zai faɗa wa na sama da shi."

"Ba a tsayar da jirgin ba?"

"Gab da Sallah? An ma ƙara masa taragu, mutane har bakin ƙofa. Wasu sun ce direba ya yi gudu a kwana. Ni ban gani ba, ba zan ce ba. Abin da na gani shi ne ƙasa ba ta riƙe."

Daga baya na ji dalilai iri-iri a bakin mutane. Wasu sun ce ɓarayi ne suka kwance ƙusoshi, wasu sun ce birki ne. An ce za a yi bincike, ban taɓa jin abin da ya fito ba. Ni na riƙe na Malam Hamadu, domin shi na ga sandarsa ta nutse. Amma wannan dalilin faɗuwar jirgi ne kawai. Dalilin da ya sa Isa yana ciki, ni ne.

Malam Hamadu yana cikin waɗanda suka yi musu wanka. Na kwatanta masa Isa, ya ce ya tuna shi, mai tef a aljihu, jikinsa bai ɓaci ba sai gefen kai. Ya kai ni bayan ƙauye, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Kaburburan suna jere, kowanne da ɗan allon katako da aka rubuta da farin fenti, saboda 'yan'uwa masu zuwa daga nesa. Na huɗu daga hanya shi ne nasa. Na tsaya ina karanta sunana da na ubana.

"Abakar," in ji Malam Hamadu, yana ɗaga hannu. "Allah ya jiƙan Abakar."

Na ce amin. A nan ba jandarma, ba ankwa, tsoho ne kawai da sandarsa. Da na ce masa a kawo fenti, da ya kawo. Wannan shi ne abin da har yau ban iya bayyana wa kaina ba. Ina jin kunya ce ta hana ni, kunyar mutumin da ya wanke ƙanena da hannunsa ya ji cewa na zo masa da ƙarya. Na yi addu'ata a zuci da sunan gaskiya, na yi masa godiya, na koma bakin hanya.

Da na dawo na ba Halima hula da tef. Na ba Inna labari duka, ban rage ba. Ta saurara har na gama.

"Me aka rubuta a kansa?"

Na kau da kai.

"Kai wannan, da kai nake."

"Sunana, Inna."

"To," ta ce. "An rufe mini ɗa da sunan da bakina ba ya iya faɗi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in koma in gyara. Na ce bayan sadakar arba'in.

Gyaran da Alhaji ya ce na 'yan kwanaki ne bai yiwu ba. Ba ni da kati, kuma na ji tsoron in nemi sabo da sunana a ce ga takardar mutuwa. Wataƙila ba wanda zai taɓa haɗa takardar can da ta nan. Yau na san haka, a lokacin ban sani ba, kuma ba wanda na iya tambaya ba tare da na tona kaina ba. Sai na ɗauki shaidu biyu muka je aka yi mini takardar haihuwa da sunan Isa, na yi kati da hotona. Abin da Isa ya yi shekaru yana cewa gobe, ni na yi masa shi bayan ya mutu.

Halima ta yi takabarta a ɗakinta, wata huɗu da kwana goma, ba ta da wata takarda da ta ce mijinta ya rasu. Takardar mutuwar miji da ke gidan ta Mariam ce, wadda mijinta yake shiga yana fita. Ranar da za a sa ki lakwal, Zara, ni na kai ki, na nuna kati, aka rubuta ni a matsayin ubanki. Da muka dawo Halima ta karɓi takardar ta ba wata maƙwabciya ta karanta mata. Da la'asar ta same ni a zaure. Shekara guda ke nan ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa.

"Yaya Abakar. Ko Isa zan ce?"

"Halima, don yaran na yi."

"Ka aike shi a madadinka, ban ce komai ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ka bar masa sunansa mana. Shi ke nan abin da ya rage masa."

Ta juya ta koma ciki. Kafin wata ya ƙare ta kwashe ku ta koma gidan wanta a unguwar Gudji, lokacin wurin duk fili ne, gidaje ɗai-ɗai. Ina zuwa duk Juma'a da abin da ya samu, wanta ya karɓa a ƙofa, ku fito ku gaishe ni. Ita ba ta fitowa. Ba ta yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya, kuma ba na so ku ɗauka ta yi kuskure.

Shago ya zama na mutum ɗaya. Keken Isa na rufe shi da zane, ban sayar ba, ban kuma sa kowa a kai ba. Mutane sun daina tsayawa hira kamar da, domin shi ne mai ba da dariya, ni aiki kawai na iya. Wasu a unguwa sun mai da abin wasa, suna ce mini marigayi. Nakan yi murmushi. Keken surfani ban sake nema ba.

Inna takan tambaye ni sau ɗaya a shekara, in Babbar Sallah ta matso. Ba ta yin dogon zance.

"Mai keke, ka je?"

In ce bayan Sallah. Bayan Sallah in ce bayan damina, hanya ta ɓaci. Ta yi shekara shida tana tambaya. A ciwonta na ƙarshe ba ta tambaya ba, na zauna kusa da ita ina jira ta tambaya, ba ta yi ba.

Shekara biyu bayan rasuwarta na tashi da niyya. Na sayi ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi a kasuwar Habbena, na hau mota har Ngaundere. A tashar mota na tambayi hanyar ƙauyen, aka ce motocin katako sun daina bi ta nan, sai dai in sami mai babur. Na tambayi labarin Malam Hamadu, wani ya ce ya rasu, wani ya ce bai san shi ba. Na zauna a kan benci tun safe har azahar, gwangwanin yana kan cinyata. Masu babur suna ta zuwa suna tambayata ina za ni. Na yi ta tunanin isa ƙauyen, in nemi mai gari, in ce masa ni ne mutumin da ke cikin kabari na huɗu. Da aka kira sallah na yi, na hau motar da ke komawa Kusiri. Da na iso gida na ce wa Mariam ruwa ya cinye hanya.

Yanzu idona ba ya ganin ramin allura, ƙafata ba ta ɗaukar kwana biyu a mota. Takardar mutuwar tana cikin akwatina, a ƙarƙashin rigunan Sallah, tare da ta mai unguwa. Usmanu, kai ka yi karatu, ka san ofisoshi, kuma yanzu ba abin da za a yi mini da zai dame ni. Na rubuta sunan ƙauyen a bayan takardar. Bayan gari ne, ƙarƙashin mangwaro, na huɗu daga hanya. Ban sani ba ko allon yana nan, katako ne, ƙasar kuma mai gara ce. In yana nan, sunana ne a kai. Ban je na gyara ba.